Gishirin Umma

Ranar da ta fara ganinsa, tsaye yake a gaban rumfarsu yana kallon karas kamar wanda aka aika sayen abin da ya manta sunansa. Rigar aiki ce a jikinsa, baƙin mai ya cinye hannuwanta. Yatsunsa kuwa sun ƙi zama wuri guda: ya taɓa aljihu, ya sosa gemu, ya sake taɓa aljihu.

Ita ke tsare rumfar kayan lambun da rana idan Umma ta koma gida ta huta. Ta ga masu saye iri-iri, amma ba ta taɓa ganin namiji ya tsaya yana hararar karas ba.

"Malam, ba sa cizo fa," ta ce. "Wanne za a ba ka?"

Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Wallahi ban sani ba. Cewa aka yi in nemi abin da zan riƙa taunawa. Taba na bari."

Nan take fara'arta ta ɗauke. Taba ba baƙuwa ba ce a gidansu. Ita ta ci Abbanta, direban babbar mota, mutum mai ƙiba da barkwanci. Ta bi shi a hankali har sai da ya koma ba ya iya zuwa ƙofar gida bai tsaya ya huta ba, sannan ta kwantar da shi.

Ta dube shi ta tambaya, "Me ka ci tun safe?"

"Biskit da lemon kwalba."

"Da rana fa?"

Ya sosa ƙeya. "Lemon kwalba da biskit."

Ta wanke karas, ta kankare, ta yayyanka shi tsawon yatsa, ta ƙulla masa a leda tare da lemu biyu.

"Gobe kada ka fita ba ka karya ba, ko da dafaffen ƙwai ne da burodi. Rabin abin da kake ɗauka sha'awar taba ce, yunwa ce kawai. Idan ka gama cin abinci ka ɓare lemu da hannunka, a hankali, don a lokacin ne tabar ta fi kira."

"Ashe likitan yana nan rumfa, ni ina can ina bin layi a asibiti."

Daga ranar ta zama Likita. Shi kuma da ya mayar da rumfar wurin zuwa kullum, yana tsaye yana gurgurar karas, sai ta sa masa Zomo.

Bakanike ne a garejin da ke bayan kasuwa. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, ɗaki guda yake haya, da risho ɗaya da tukunya ɗaya. Ogansa ne ya koya masa gyaran mota, shi ne kuma ya fara miƙa masa karan taba. Da ya je duba ogan a asibiti, ya same shi da roba a hanci, sai dattijon ya kamo hannunsa ya ce, "Abu biyu na koya maka. Ka riƙe ɗaya, ka yar da ɗaya." Ana gama jana'izarsa ya bari.

Barin bai zo masa da sauƙi ba. Ga ciwon kai, ga saurin fushi, ga ci kamar gara, har wandon aikinsa ya fara matse shi. Ita ta zauna ta tsara masa cimarsa. Ranar hutu ya dafa wake da shinkafa masu yawa, ya rarraba a robobi ya kai firijin maƙwabcinsa. Kifi ko ƙwai a gefe, kabeji da tumatir a kai. Gorar ruwa kusa da akwatin sifana. Gyaɗa mai ɓawo don hannu ya sami aikin yi. Shayi mai kaurin nan kuwa ta ce ya ɗaga masa ƙafa tukuna, tunda shi ne abokin tafiyar tabar.

Saƙonni suka fara kai-komo.

"Likitata, na dafa waken. Rabi ya ƙone, rabi bai nuna ba. Wanne zan fara ci?"

"Zomo, ka ci na tsakiya. Wani satin ka jiƙa shi tun da wuri, kuma ka rage wuta. Ka sha ruwa?"

"Na sha. Har na fara jin ina iyo."

Da ta ga wake zai ƙare a hannunsa ba gaira ba dalili, sai ta fara yi masa nata girkin jefi-jefi, ta zuba a kula. Ranar farko ya rubuto, "Abinci ya yi daɗi, Allah ya saka. Sai dai gishiri bai ji ba." Ta yi murmushi, ba ta canza komai ba. Bayan 'yan makonni ya sake rubutowa, "Yau kam kin dace da gishiri."

"Ban ƙara ko ƙwaya ɗaya ba," ta mayar masa. "Harshenka ne ya dawo gida."

Da yamma ya zo rumfar da gudunsa kamar yaro. Ya ce ashe lemu ƙamshi gare shi tun kafin a ɓare, ashe tumatir yana da zaƙi. Tana dariya sai ga hawaye.

"Me na faɗa?" ya tambaya a ruɗe.

"Ba kai ba ne. Duk abin da nake gaya maka, don Abba na koya. Wata nas ce ta zaunar da ni ta koya mini. Kafin in iya, shi ya daina iya haɗiya."

Ya dube ta ya ce, "To ki bar ni in ci rabonsa, in yi ta yi masa addu'a. Har ƙarshen rayuwata nake nufi, Likita, idan za ki yarda."

Ta sunkuyar da kai tana gyara kabejin da ba abin da ya same shi. "Sai ka tambayi Umma."

Umma kuwa ba mai saurin amincewa ba ce. Tun rasuwar Abba ta zama mace mai ƙarancin magana, kujerarsa tana nan a falo ba mai zama a kai. Ko girkinta bai san ya tafi ba. Taba ta kashe masa harshe tun da daɗewa, kullum maganarsa ɗaya ce, "A ƙaro gishiri," har hannun Umma ya saba da cika tafi. Ya rasu, hannun bai koma daidai ba. An gaya mata a asibiti jininta yana hawa, ta rage. Sau ɗaya 'yar ta ɓoye kwalbar gishirin, Umma ta zauna a ƙasan kicin ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen. Baƙi su ci su yaba, su bi da ruwa kofi-kofi.

Cikin masu yabon nan babu kamar Yaya, ɗan wan Abba, mai kantin magani. Mutum ne tsaf-tsaf, kullum cikin guga da turare, ya daɗe yana son 'yar, Umma ma shi take so mata. Kantinsa yana kallon bayan garejin. Da ya ji labarin bakanike, bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya kawo.

"Umma, kullum da rana ina hango shi cikin masu busa hayaƙi, da kwalin taba a hannunsa. Ni dai na faɗa don kada a ce na gani na yi shiru."

Da 'yar ta ji, ba ta yarda ba, amma ta so ta gani da idonta. Washegari ta ɗauki kula ta nufi garejin da kanta, ba ta gaya masa tana tafe ba. Ta zagaya ta baya, inda aka tara tsofaffin tayoyi. Ga su nan zazzaune, hayaƙi yana tashi. Ga Zomonta a tsakiya. Tana kallo ya zaro kwali daga aljihun gaba, ya bubbuga gindinsa da yatsa, ya zari ɗaya ya kai baki.

Haka Abba yake bubbuga nasa. Ta ajiye kular a kan taya ta juya.

Ya cim mata kafin ta kai titi. "Likita, tsaya mana."

"Kada ka sake kirana da sunan nan."

Ya dubi fuskarta, ya dubi abin da ke hannunsa, sai ya gane. Ya buɗe kwalin ya miƙa mata. Karas ne jere a ciki, yankan tsawon yatsa, irin nata.

"Hannuna ne ya saba da kwalin," ya ce. "Idan na taɓa aljihu na ji babu komai, sai hankalina ya tashi. Su kuma waɗannan su ne abokaina, in ban zauna da su ba ba ni da abokin hira."

Dariya da kuka suka haɗe mata. "Kai dai an yi wawan zomo." Amma da ya matso sai ta ji shi, warin nan da ta tashi a cikinsa, ya kama rigarsa da gashin kansa. Jikinta ya yi sanyi, don ta san hancin Umma.

Ta kwashe komai ta gaya wa Umma, har da kwalin karas, tana fatan ko murmushi za ta yi. Umma ta ci gaba da ninke kayan wanki.

"Abbanki ma alawa ya nuna mini," ta ce. "Ya rantse mini ya bari ban san sau nawa ba. Na tsinci taba a cikin safa, na tsinta a bayan madubi, na tsinta a ƙarƙashin kujerar mota. Ba mugu ba ne, ya so ya bari, ita ce ta ƙi barinsa."

"Umma, wannan da gaske ya bari."

"Haka ni ma na gaya wa tawa uwar." Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ni na riƙe wa mijina kwano yana tofar da jini. Ba zan rayu in ga kin riƙe wa naki ba. Ki ce masa ya yi haƙuri."

Da Umma faɗa ta yi, da ta sami abin cewa. Amma tsoro ta gani a idonta, tsoron uwar da ta riga ta binne mutum ɗaya. Ta shiga ɗaki ta rubuta masa saƙo.

"Zomo, Umma ta ce a'a. Ba zan iya ƙara mata wani kukan ba. Don Allah kada ka daina karyawa da safe."

"Na ji, Likitata. Umma ba ta yi laifi ba. Ni na zauna cikin hayaƙi na ce a yarda ban sha ba."

Ya daina zuwa rumfar. Ta ji a bakin masu saye cewa ya yar da kwalin, ya bar zaman bayan gareji, yanzu a cikin wata matacciyar mota yake zama ya ci abincinsa shi kaɗai. Abin ya tsaya mata a rai. Kullum fargabarta ɗaya ce, kada baƙin ciki ya mayar da shi inda ya fito. Ita mai tsara wa wani abinci sai ga shi ta kasa cin nata, wuyanta ya zurma, idan ta zo yanka karas sai ta tsaya da wuƙa a hannu. Yaya kuwa ya ƙara ƙaimi, yau ya kawo maganin ƙarin jini, gobe ya kawo zancen sa rana.

Wata rana da hantsi saƙo ya shigo.

"Yau na je har gaban mai sayar da ita, na tsaya. Sai na tuna kin ce rabi yunwa ce. Na dawo na ci ayaba da gyaɗa, ta wuce. Ba don ki dawo nake faɗa ba. Don ki san wahalarki ba ta tafi a banza ba."

Ta kifa kai a kan teburin rumfar tana kuka, a haka Umma ta zo ta same ta. Ta karɓi wayar ta karanta, ta mayar mata.

"Ki ce masa ya zo gida gobe da rana. Gara in gaya masa da bakina ya daina, ko kya sami lafiya."

Ya zo cikin wankakkiyar riga, ya rame shi ma, amma idonsa ya washe. Ya durƙusa ya gaida Umma. Yaya yana zaune, an kira shi ya zama shaida. Umma dai ba ta sallamar baƙo da yunwa ko da korarsa za ta yi, don haka ta zubo shinkafa da miyar kifi, girkin hannunta, ta ce a ci tukuna.

Yaya ya kai loma ya lumshe ido. "Umma, hannunki daban ne." Ya jawo kofin ruwa.

Bakanike ya kai cokali ɗaya, ya tsaya. Ya haɗiye da ƙyar. Ya daure ya kai na biyu, sai tari ya sarƙe shi, idanunsa suka kawo ruwa. 'Yar tana bakin ƙofar kicin, ta rufe ido, ta san an gama.

"Tarin ne ya taso?" Umma ta tambaya, muryarta a sanyaye.

"A'a, Umma."

"To mene ne?"

Ya ajiye cokalin. Ya san korarsa aka kira shi a yi, bai ga amfanin ya tafi da ƙarya a bakinsa ba.

"Umma, ki gafarce ni, ba raini ba ne. Gishirin ne ya yi mini yawa. Da a da ne, da na cinye har in nemi a ƙara. Yanzu wallahi na kasa."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana a kan rashin ta ido, Umma ta ɗaga masa hannu. Ta jawo farantin gabanta, ta ɗebi miyar a bakin cokali ta ɗanɗana, ta daɗe tana juya ta a baki kamar yau ta fara cin girkinta. Sannan ta juya ta dubi kujerar Abba.

"Duk zamanmu bai taɓa cewa ya yi yawa ba," ta ce a hankali. "Ko lokacin da yake rantsuwa ya bari, sai ya zauna cin abinci ya ce a ƙaro gishiri. Da haka nake gane bai bari ba. Kullum na zuba masa sai in zauna ina jira, ko yau zai ce ya yi yawa. Har ya tafi bai faɗa ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Wa nake yi wa girkin nan, ni 'yasu?"

'Yar ta taho ta durƙusa ta rungume ta, suka yi kukansu tare. Bakanike ya sunkuyar da kai, nasa hawayen yana ɗiga a kan wankakkiyar rigar. Yaya ya dubi kofin da ya shanye, kunya ta kama shi. Ba mugun mutum ba ne. Ya miƙe ya ce wa Umma zai koma kanti, a bakin ƙofa ya tsaya ya dafa kafaɗar bakanike. "Ka riƙe ta da kyau," ya ce, ya fita.

Da Umma ta sami kanta, ta goge fuska da gefen mayafi ta dubi saurayin.

"Kai, ba ka da kunya ko? Ka zo gidan mutane neman aure ka ce miya ta yi gishiri."

"Na tuba, Umma."

"Kada ka tuba. Ka turo manyanka." Ta nuna shi da yatsa. "Amma ka sani, duk ranar da ka ce a ƙaro gishiri a gidan 'yata, ni da kai ne."

Ba a ja lokaci ba. Wani kawun angon ya zo da abokan aikinsa na gareji, aka ɗaura aure a cikin 'yan uwa, ba wani taron a zo a gani. Yaya ne ya tsaya a kan hidimar baƙi. Amarya ta yi kyau, ta kuma yi kuka da ta zo wucewa ta gaban kujerar Abba, ta tsaya ta dafa hannun kujerar kamar mai yin sallama.

Kafin a tafi da ita wayarta ta yi ƙara a cikin jaka.

"Likitata, na share ɗaki, na sayi tukunya ta biyu. Na jiƙa wake tun da wuri."

Ta yi dariya cikin hawaye ta nuna wa Umma.

Umma ta sa aka kira mata angon. Ta shiga kicin ta fito da kwalbar gishirin nan, wadda ba mai taɓa ta sai ita, ta damƙa wa 'yarta.

"Tafi da ita, ke kin san awonsa. Ni ma daga yau ku za ku tsara mini abin da zan ci. Kai kuma ka riƙa biyowa kana ɗanɗana mini miya, tunda kai kaɗai ne mai gaya mini gaskiya."

Suka durƙusa a gabanta. Ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan 'yarta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba. Ya ba ku lafiya da zuri'a ta gari, ya ba ka numfashi mai tsawo, ɗana, ku tsufa tare kana jin ɗanɗanon abin da ta dafa maka."

Suka ce amin. Ya karɓi kwalbar daga hannun amaryarsa ya riƙe mata, suka fita tare.